Mamman Shata

Alhaji Dakta Mamman Shata Katsina (an haife shi a shekarar 1923, ya rasu ranar 18 ga watan Yuni, 1999) mawaƙin baka ne na Hausa, ɗan asalin garin Musawa da ke jihar Katsina a yau. Ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa da kiɗan kalangu, kuma waƙoƙinsa sun bazu a arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar da zangunan Hausawa na Gana da Kamaru da sauran ƙasashe. A Funtuwa ya yi mafi yawan zamansa, amma a Daura aka binne shi, garin babban ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Har yau masoya waƙoƙinsa na gardama kan wacce ce ta fi a cikinsu.

Farkon rayuwa

Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya, Bafulatana. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne. A wancan zamani sana'a gado ce, ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan makaɗi ya yi kiɗa, kuma ana ɗaukar kiɗa da waƙa a matsayin roƙo. Saboda haka mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba. Shata ya yi karatun allo kamar sauran yara, sannan ya shiga tallar goro, daga baya ya koma tallar alewa. Wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu ne ya laƙaba masa sunan Shata tun yana yaro.

A dandali ya fara waƙa tare da samarin garinsu, don nishaɗi kawai. Da abin ya yi ƙarfi sai ya bar talla ya kama waƙa gadan-gadan.

Shahara

Daga Musawa ya koma Bakori, inda wani ɗan sarautar Musawa mai suna Abdullahi Inde yake aikin En'e a harkar sayen auduga da gyaɗa. Shi ubangidansa ne, kuma a Bakori Shata ya yi aurensa na fari. Daga nan ya riƙa yawon wasa zuwa Katsina da Kano da sauran garuruwa. A 1952 ya yi wasa a Kano a wani babban biki da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan gidan sarautar Kano da dama suka yi aure a lokaci guda, kuma masu rubuta tarihinsa na ɗaukar wannan biki a matsayin inda tauraronsa ya fito sosai. Wajen 1960 ya tare a Funtuwa, ya mayar da ita gida har ƙarshen rayuwarsa.

Shaharar tasa ta zo daidai da yaɗuwar rediyo a Arewa. Gidan Rediyon Kaduna ya naɗi waƙoƙinsa masu yawa yana sakawa, kamfanin EMI ya buga wasu a faifai, sannan da kaset ya shigo a shekarun 1970 sai muryarsa ta kai ƙauyen da shi kansa bai taɓa takawa ba.

Ƙungiyarsa da salonsa

Ƙungiyar Shata ta ƙunshi makaɗan kalangu, da 'yan amshi, da maroƙa masu shela da kirari a tsakiyar wasa. Kalangu ganga ce mai baki biyu da tsirkiya a jikinta, wadda makaɗi ke matsewa a hammata ya ɗaga sauti ko ya sauke shi. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, ƙwararren makaɗi na iya sa gangar ta bi hawa da saukar kalmomin amshi, mai sauraro ya gane abin da take faɗa. A al'ada kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali. Shata ya kai shi gaban sarakuna, wurin da aka saba jin taushi da kotso da jauje.

Tsarin waƙarsa mai sauƙi ne. Amshi gajere ne, ba ya canzawa, shi kuma jagora yana ɗora ɗiya a kai yadda ya ga dama. Wannan ya bambanta shi da makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, waɗanda 'yan amshinsu ke karɓar ɗan waƙa su ƙarasa shi tare da jagora, abin da ke buƙatar a zauna a shirya tukuna. Shata ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take a filin wasa, kuma shi da kansa bai san adadin waƙoƙin da ya yi ba.

Bai zama makaɗin fadar kowane sarki shi kaɗai ba. Ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero waƙa, da Sarkin Zazzau Shehu Idris, da attajirai irin su Muhammadu Adamu Ɗankabo mai kamfanin jiragen Kabo Air, ya kuma yi wa direbobi da dogarai da 'yan bori da matan gari. Ya yi wa sojoji waƙa a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi na jan hankalin 'yan Arewa ga noma da neman ilimi.

Shata da Daura

Muhammadu Bashar ya riƙe sarautar Wamban Daura, ya kuma yi minista a gwamnatin Jihar Arewa kafin ya hau gadon sarauta a 1966. Shata ya yi masa waƙa fiye da ɗaya, kuma dangantakarsu ta wuce ta mawaƙi da mai kyauta, domin sarkin ya zama ubangidan da Shata ke komawa gare shi har ya bar duniya.

Waƙoƙin na jingina sarkin ga Musa, ɗaya daga cikin kakanninsa, kuma wannan suna yana da nauyi a ƙasar Daura. Bayan jihadin farkon ƙarni na 19 Fulani sun karɓe birnin Daura, tsohon gidan sarautar Haɓe kuma ya watse, wani reshe ya kafu a Zango, wani a Baure. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka mayar da sarautar birnin ga Malam Musa na reshen Zango. Don haka mutumin Baure ko Zango ko Mai'aduwa ko Sandamu yana jin waƙar da kunnen da ya san wannan tarihi, abin da mai sauraro a Kano ko Jos ba lallai ya kula da shi ba.

Gardama kan waƙar da ta fi

Masu sauraro da yawa na ɗaukar shekarun 1960 da 1970 a matsayin ganiyar Shata. Sai dai shi bai yi aiki da tsarin kundi ba, irin na mawaƙan Turai da Amurka da ke fitar da faifai mai suna guda da jerin waƙoƙin da aka tsara tare. Yawancin kasakasan da ke hannun jama'a masu sayar da kaset ne suka harhaɗa su, daga faifai ko rediyo ko wani biki da aka naɗa. Shi ya sa gardamar masoyansa a majalisu da tashoshin mota da shirye-shiryen rediyo, da kuma Facebook a yanzu, take tsayawa a kan waƙa ɗaya-ɗaya.

Rukuni mafi girma na cewa Bakandamiya ce. A cikinta Shata ke wasa kansa, yana faɗin fifikonsa a kan sauran mawaƙa, yana ambaton wuraren da ya je da mutanen da ya haɗu da su. Narambaɗa ma yana da tasa Bakandamiyar, kuma kalmar, wadda siffarta irin ta Bakatsiniya ce, ta zama abin da Hausawa ke kiran aikin da ya fi fice a ayyukan kowane mai fasaha. Masu wannan ra'ayi na cewa tunda mai waƙar ya ware ta da wannan suna, magana ta ƙare. Amma hujjar na da rauni guda: Bakandamiya ba ɗaya ba ce. Shata ya yi ta rera ta tsawon shekaru, amshin na nan yadda yake, ɗiyan kuwa suna canzawa, yau ya ƙara wani gari, gobe ya cire wani mutum. Mutum biyu na iya yarda cewa ita ce kan gaba, alhali kowannensu wata daban yake ji a kunnensa. Daga nan gardamar kan koma kan wane naɗi ne ya fi, na lokacin da muryarsa ke da kaifi kiɗan na da sauri, ko na shekarun baya-baya da muryar ta yi kauri, maganar ta ƙara nauyi.

Rukuni na biyu na fifita waƙoƙin yabo, suna cewa wasa kai abu ne mai sauƙi ga mai baki irin na Shata, gwaninta tana wajen ɗaga wani har sunansa ya rayu bayansa. Suna kafa hujja da waƙar Umaru Ɗanɗanduna na Gwandu da ta Hassan Sarkin Dogarai, mutanen da da yawa ba za su san su ba a yau in ba don waƙar ba. A masarautar Daura wannan ra'ayi kan karkata ga waƙoƙin Sarki Bashar, kuma ba son kai kaɗai ba ne, don a cikinsu ne kalangun Shata ya fi kusantar natsuwar kiɗan fada.

Akwai masu son zambo, waɗanda ke ambaton Gagarabadau, inda ake jin kaifin harshensa da iya habaici. Akwai kuma masu nazari a jami'o'i da ke son waƙar Kumbo Apollo 11, wadda ya yi bayan saukar 'yan sama jannatin Amurka a duniyar wata a watan Yuli na 1969, saboda yadda ya bayyana sabon abu da kalmomin da manomi zai gane.

Inda gardamar ta fi zafi shi ne tsakanin waƙarsa ta yabon Annabi (SAW) da waƙarsa ta shan giya. Dukansu sun shahara, kuma mutum ɗaya ne ya yi su. Wasu na ganin ta farkon ce ya kamata a tuna shi da ita, ta biyun a bar ta ta ɓace, wasu kuma na cewa cire ta daga tarihinsa rage wa mutumin wani ɓangare ne na rayuwarsa da ta zamaninsa. Wannan ba gardamar fatar baki ba ce kawai, domin abin da gidajen rediyo ke sakawa da abin da masu tura waƙa a waya ke kwafewa shi ne ke wanzuwa, sauran kuwa suna kan tsofaffin kasakasan da zarensu ke lalacewa.

Siyasa da karramawa

A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga GNPP, daga baya ya koma NPN, a ta Uku kuma ya yi shugabancin jam'iyyar SDP a ƙaramar hukumar Funtuwa. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kuma ta ba shi digirin dakta na girmamawa a 1988. Tun kafin nan, a 1975, Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka. Littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa, ya fito a 2006.

Rasuwa

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da doguwar rashin lafiya, aka yi jinyarsa a Kano da Jidda. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya bar mata 3 da 'ya'ya 19. Ba a kai gawarsa Musawa ko Funtuwa ba. An wuce da ita Daura, aka yi jana'izarsa aka binne shi a can, Sarki Muhammadu Bashar yana cikin mahalarta. Sarkin ya rasu a watan Fabrairu na 2007.