Bawa Jan Gwarzo da Idin Magami

Duk shekara in Sallar layya ta zo, akan rufe rumfuna a Sabon Gari da Jiratawa, mu nufi Tibiri kallon hawan Sarkin Gobir. Can za mu ji maroƙa suna ta ambaton Bawa Jan Gwarzo. To, wane ne shi?

Bawa ɗa ne ga Sarkin Gobir Babari, wanda ya gina Alƙalawa. A nan Bawa ya yi sarauta, ya yi suna wajen yaƙi. Wajen 1788 ya tara malaman ƙasarsa a filin idin Magami, ya raba masu kyauta. Shehu Usman Ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar zinariya, ya nemi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kar a hana kowa saurarensa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kaso, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Bai daɗe ba ya rasu.

Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka kafa Tibiri a 1836.

Ku masu biyan kuɗin rumfa, in kun je hawan bana ku tuna: sarkin da ake tsoro haka ya saurari kukan talaka ran Sallah. Allah shi ba mu shugabanni masu saurare.