Eric Liddell, Gwanin Gudu Da Ya Girmama Ranar Ubangiji

An haifi Eric Liddell a birnin Tiyanjin na ƙasar Sin a 1902. Iyayensa mutanen Sikotilan ne, masu aikin bishara. Sa'anda yana karatu a jami'ar Edinbara ya shahara wajen gudu, har aka zaɓe shi ya tafi wasannin Olamfik a Faris a 1924.

Tseren mita 100 ne ya fi gwaninta a kai. Amma da ya ji an sa tseren farko ran Lahadi, sai ya ƙi shiga, gama ya keɓe ranan nan ga Ubangiji. Waɗansu suka zarge shi, shi kuwa bai ja da baya ba. Ya yi shiri domin mita 400, ya ci tseren cikin daƙiƙa 47.6, aka ba shi lambar zinariya.

A 1925 ya bar yabon mutane ya koma Sin, yana koyarwa, yana wa'azi. Da yaƙi ya yi zafi ya aika da iyalinsa Kanada, shi kuwa ya tsaya bakin aikinsa. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien. Can ya koyar da yara, ya taimaki tsofaffi da marasa lafiya. Takalman gudunsa ma ya ba wani saurayi, wanda daga baya ya kai bishara ƙasar Japan. Ƙari a ƙwaƙwalwa ya kama shi, ya rasu ran 21 ga Fabrairu, 1945.

Ku samarinmu na Kwaciri da Sabon Gari, gudu abu ne mai kyau. Amma in tsere ya faɗo lokacin sujada, ina za a same ku?