Walter Miller

Walter Richard Samuel Miller (1872 – 1952) likita ne kuma ɗan mishan na ƙungiyar CMS daga ƙasar Ingila, wanda ya yi mafi yawan aikinsa a ƙasar Zazzau.

Farkon rayuwa

Ya karanci likitanci a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sannan ya koyi Hausa a Tarabulus ta Libiya. A 1900 ya iso Kano cikin ayarin Bishop Tugwell, amma Sarki Alu ya sallame su. A 1905 ya zauna a birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani.

Gimi

Wajen 1914 mishan ɗin ta kafa ƙauyen Kiristoci a Gimi, cikin ƙaramar hukumar Maƙarfi ta yanzu, domin Isawa, wato mabiya Malam Ibrahim masu fifita Annabi Isa. Ƙauyen bai daɗe ba: ciwon barci ya kashe mutane da dama, sauran suka watse.

Tasiri

Waɗanda suka karɓi Kiristanci a hannunsa ba su da yawa. Sawunsa ya fi fitowa a fagen rubutu. Shi ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda aka buga a 1932, kuma daga al'ummar da ya rena John Tafida ya fito, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Da mishan ta koma Wusasa a 1929, magina Hausawa ne suka gina cocin St Bartholomew da ƙasa, irin ginin gargajiya. Miller kuwa ya koma Kano.

Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952.