Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin da Ya Rubuta Labarin Yaron da Aka Sace

Kafin duniya ta san Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a matsayin Firaministan Nijeriya na farko, malamin makaranta ne mai riƙe da alli. An haife shi a shekarar 1912 a ƙasar Bauci. Ya yi karatun allo, ya shiga makarantar boko, sannan ya tafi Kwalejin Katsina a 1928. Da ya kammala a 1933 sai ya koma koyarwa a Makarantar Midil ta Bauci.

A wannan shekara ce Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Cikin littattafan da gasar ta haifar, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, akwai Shaihu Umar, wanda matashin malamin ya rubuta yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Labarin na wani maraya ne da aka sace yana ƙarami a zamanin cinikin bayi, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wajen wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya ƙetare Sahara da shi. Abin lura shi ne inda marubucin ya ajiye aminci. Fada, wadda ta kamata ta zama inuwar talaka, ita ce ta kori Makau, mijin uwar yaron, saboda sharrin mahassada. Daga nan gidan ya watse. Uwar ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa bauta, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Abin da ya tsare Umar shi ne allo da tawada da malamin da ya riƙe amana, har bawan jiya ya zama shaihin da ake zama gabansa. Shekara ashirin bayan haka, Baturen Ingila William Golding ya rubuta labarin yaran da suka maƙale a tsibiri, inda ƙahon kiran taro ya zama alamar doka, fashewarsa kuma ta zama ƙarshen tsari. Ɓalewa bai yanke ƙauna irin haka ba: a wurinsa, ilimi na iya gina abin da zalunci ya rusa.

Wannan ra'ayi ya bi shi cikin siyasa. Bayan karatu a Landan daga 1945 zuwa 1946, ya shiga majalisar Arewa, kuma a 1950 ya nemi a gyara mulkin En'e domin a riƙa jin muryar talaka. Ya zama minista a 1952, sannan Firaminista a 1957.

A daren 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Legas. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya, aka kai shi Bauci aka binne.

Hotonsa na jikin takardar naira biyar, littafinsa kuma ya zama fim a 1976. A ƙasar da ta ga satar ɗaliban Cibok a 2014 da na Ƙanƙara a 2020, har yanzu hukumomi ba su sauke nauyin da Shaihu Umar ya nuna musu ba, wato tsare yaro a gida da makaranta.