George Washington Carver: Malamin Da Ya Kai Makaranta Gona

Yawancin ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne daga Wara da ƙauyukan Ngaski, da Yauri da Shanga. Duk shekara muna jin kukan iyayensu a kan tsadar takin zamani da bashin da ake ci kafin damina. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo tarihin wani baƙar fata da ya ƙare rayuwarsa yana neman maganin irin wannan damuwa.

An haifi George Washington Carver cikin bauta wajen 1864 a Jihar Missouri ta Amurka. Yana jariri aka sace shi tare da mahaifiyarsa Mary. An samo yaron, amma uwar ba a ƙara ganinta ba. Da aka hana bauta a 1865, Moses Carver da matarsa Susan, waɗanda dā su ne iyayen gijin uwarsa, suka riƙe shi. Makarantar garinsu ba ta karɓar baƙaƙe, sai ya bar gida tun yana yaro ya tafi Neosho neman ilimi. Daga baya wata kwaleji a Kansas ta ba shi gurbi ta wasiƙa, da ya iso suka ga launinsa suka mayar da shi. Bai karaya ba. Ya yi ta wankau yana tara kuɗi, har ya shiga kwalejin aikin gona ta Jihar Iowa, ya sami digiri na farko a 1894, na biyu a 1896.

A wannan shekara Booker T. Washington ya gayyace shi makarantar Tuskegee a Jihar Alabama. Abin da ya tarar ya tayar masa da hankali. Jama'arsa sun fita bauta, amma yawancinsu ba su da gonar kansu. Mai ƙasa zai ba mutum fili da iri da abinci bashi, a noma auduga, in kaka ta yi ya ɗebi rabonsa ya cire bashinsa, manomi ya koma gida hannu wofi. Ga shi kuma noman auduga shekara da shekaru ya cinye ƙarfin ƙasa, ruwan sama ya zaizaye ta.

Carver ya gane cewa shawarar da sai an sayi wani abu kafin a bi ta ba ta da amfani ga talaka. Sai ya koyar da abin da ke kusa da hannu. A tara ganyaye da laka da kashin dabbobi da shara, a bar su su ruɓe su zama taki. A riƙa sauya shuka: bana auduga, baɗi wake ko gyaɗa, domin saiwarsu tana da ƙananan ƙulli inda wasu ƙwayoyin halitta ke jawo sinadarin naitirojin daga iska. A shuka dankali da kayan lambu, iyali su ci su ƙoshi ba tare da zuwa kanti cin bashi ba. Da ya ga manoma ba su iya barin aiki su zo aji, ya tsara keken doki mai ɗauke da iri da kayan gwaji, wanda ya fara zagaya ƙauyuka a 1906. Ya kuma rubuta ƙananan littattafai 44 cikin sauƙaƙan kalmomi. Na 1916 ya nuna yadda ake noman gyaɗa da hanyoyi 105 na sarrafa ta a ci. Mutum ne mai ibada, ya daɗe yana koyar da Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi da yamma.

Amma mu faɗi gaskiya, koyarwarsa ba ta kai ga kowa ba. Wanda gona ba tasa ba ce, in ya gyara ta bana, baɗi ana iya korarsa. Shi ya sa dubban manoma baƙaƙe suka bar karkara suka koma birane. Carver ya rasu ran 5 ga Janairu 1943 a Tuskegee, bayan ya ba da abin da ya tara domin ci gaba da binciken noma.

Mu a nan mun san darajar ƙasa. Da tafkin Kainji ya cika a 1968, mutane fiye da 40,000 aka tayar, gonakin bakin kogi da tsibirai suka nutse. Dabarun Carver kuwa ba baƙi ba ne gare mu. Kakanninmu suna haɗa wake da dawa a gona ɗaya, suna kai juji gona da jaki, suna barin Fulani su sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗalibai, in kun tafi hutu, ku tambayi dattawa yadda suke kiyaye ƙasa, ku haɗa da abin da kuka koya a darasin aikin gona, ku gwada ko a kunya biyar ne a bayan gida. Ranar dawowa muna son jin abin da kuka gani.