Alexis Carrel: Likitan da ya koyi ɗinkin jijiya wajen mai surfani

A daren 24 ga Yuni, 1894, wani ɗan Italiya mai suna Sante Caserio ya daɓa wa Shugaban Faransa Sadi Carnot wuƙa a birnin Liyon. Wuƙar ta tsinka babbar jijiyar da ke kai jini hanta. Manyan likitoci suka kewaye shi, amma babu wanda ya iya ɗinke jijiya, har jini ya ƙare masa kafin wayewar gari.

Alexis Carrel, wanda aka haifa kusa da Liyon a 1873, yana ɗalibin likitanci a lokacin, kuma abin ya tsaya masa a rai. Ya je wajen wata gwanar surfani, Madam Leroudier, ya koyi sarrafa siririyar allura da zaren siliki. A 1902 ya bayyana dabararsa: a kafa zare uku a bakin jijiyar da ta tsinke, a ja su har zagayen ya koma mai kusurwa uku, sannan a ɗinke kowane gefe a miƙe ba tare da an ƙuntata hanyar jini ba.

Da bai samu gurbi a asibitocin Liyon ba, ya yi ƙaura a 1904, ya yi aiki da Charles Guthrie a Shikago, sannan ya koma Cibiyar Rockefeller ta New York a 1906. Ya karɓi kyautar Nobel a 1912.

Dabarar ta daɗe kafin ta isa fagen daga. Har a Yaƙin Duniya na Biyu ɗaure jijiya ake yi, kusan rabin masu irin wannan rauni kuwa suka rasa hannu ko ƙafa. Sai a yaƙin Koriya, da aka rungumi ɗinki, adadin ya sauko zuwa kashi 13 cikin ɗari. Wanda hatsarin mota ya tsinka wa jijiyar cinya a hanyar Akwanga zuwa Gwantu, wannan ɗinkin ne zai ceci ƙafarsa, muddin ya isa hannun likitan fiɗa cikin 'yan sa'o'i.

Sai dai Carrel ya ɓata rawarsa da tsalle. Littafinsa na 1935 ya goyi bayan tace zuriyar ɗan Adam, har da halaka wasu masu laifi da iskar gas, kuma ya shugabanci wata cibiyar bincike ta gwamnatin Vichy, abokiyar 'yan Nazi. Ya mutu a Paris ranar 5 ga Nuwamba, 1944, ana zarginsa da haɗa kai da 'yan mamaya. A 1996 jami'ar Liyon ta cire sunansa daga tsangayar likitancinta.