Malam Aminu Kano: Ɗan Malamai Da Ya Tsaya Wa Talakawa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, a shekarar 1920. Mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙalin Kano, daga zuriyar Genawa da aka sani da ilimi da alƙalanci, kuma a hannun mahaifiyarsa Malama Rakiya ya fara karatun allo. Birnin da ya tashi a cikinsa birnin fiƙihu ne, domin tun zamanin Wangarawa zaurukan Madabo suke yaye malamai, har suka yi suna wajen karantar da Mukhtasar na Shaihu Khalil. Wanda ya tashi a irin wannan wuri ya san abin da littafi ya ce game da haƙƙin talaka, yana kuma ganin abin da hakimi da ɗan doka suke yi masa. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce ta cinye rayuwar Malam baki ɗaya.

Da ƙagaggen labari ya fara yaƙinsa. Yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya riƙa tsara wasannin kwaikwayo da Hausa, irin su Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba, yana fallasa ha'inci da zalunci ta bakin mutanen da ya ƙirƙira. Daga nan ya koyar a Bauchi, inda ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, ya je Ingila ƙaro ilimi a 1946, ya dawo aka tura shi Maru. A 1950 ya ajiye aikin koyarwa ya rungumi jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na wannan shekara, ya zama shugabanta a 1953.

A nan ne ya kamata mai karatu ya dakata. Ana yawan cewa Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960 ba tare da yaƙi ba, amma teloli da mahauta da 'yan koli da almajiran da suka bi Malam sun biya farashi mai tsada. An yi musu bulala, an ɗaure su bisa laifin taro ba izini ko zagin sarki, an kori wasu daga garuruwansu, 'yan Jam'iyyar Mahaukata kuma suna far musu da gora. Hajiya Gambo Sawaba kaɗai an ɗaure ta sau 16. Abin da ya fi ciwo shi ne, sau da yawa a gaban alƙali ake yanke waɗannan hukunce-hukunce, da sunan Shari'ar da gidan su Malam suka yi wa hidima. Shi ya sa bai taɓa yarda a bar wa masu mulki fagen addini ba. Ya mayar musu da martani da aya da hadisi da littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya kuma zauna yana tafsiri a watan azumi.

Da tutar Ingila ta sauka, zaluncin bai sauka tare da ita ba. Wannan takaici ne ya cika ƙagaggun labaran marubutan Afirka na bayan mulkin mallaka, kamar A Man of the People da Chinua Achebe ya fitar a 1966. Ba abin mamaki ba ne da Achebe ya shiga PRP, jam'iyyar da Malam ya jagoranta daga 1978, ya kuma yabi halinsa a littafinsa The Trouble with Nigeria.

Malam ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a zamanin Janar Gowon, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa da ke Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya, a ƙarƙashin kulawar Jami'ar Bayero. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan waɗanda suka sha ɗauri tare da shi.